Farashin Ƙafar Yaya

Gidan maɗorin yana bayan garin Kontagora, ta hanyar Rijau. Sai ka sauka daga kwalta, ka bi wata siririyar hanya tsakanin gonakin dawa, har ka iske wata tsamiya da ta karkata gefe ɗaya. Da ka shiga, ba mutum za ka fara gani ba, kaji ne. Tsakar gidan cike take da su, kowace da 'yan karare ɗaure a ƙafa ɗaya, suna ɗingishi a hankali. Kuma ba sa kuka. Na tashi cikin kaji, na san ba a tara su wuri guda babu hayaniya. Amma waɗannan ko tsaba aka watsa musu shiru suke ci, sai ƙarar bakinsu a ƙasa kamar yayyafi a kan busasshen ganye.

Al'adar tsohon ke nan. Duk wanda aka kawo masa da karaya sai ya zo da kaza. Idan ya gama duba mutum, sai ya kama kazar ya karya mata ƙafa daidai inda ta mutumin ta karye, ya ɗora su tare, man kaɗanya ɗaya, tofi ɗaya. Ranar da kazar ta taka ƙasa sosai, ranar yake kwance wa mai ita ɗori. Ban san abin da ya haɗa ƙashin kaza da na mutum ba, ban kuma taɓa jin wanda ya tambaye shi ba. Masu jinya dai suna kwance a wata doguwar rumfa, kowa idonsa a kan kazarsa.

Abu na biyu da aka san shi da shi, ba shi da farashi ɗaya. Karaya iri ɗaya, a wuri ɗaya, wani ya biya da bijimi, wani da buhun dawa, wata tsohuwa daga Tungan Magajiya kuwa an ce ƙwan zabi ta bayar a 'yar ƙwarya. Shi ke faɗa, bayan ya taɓa ka. Idanunsa sun yi fari da yana, ba ya ganin rigar da ka sa. Tafin ƙafarka yake shafawa, da tafin hannu, ya saurari numfashinka, sannan ya faɗi abin da za ka kawo. Kuma abin da ya faɗa yakan zo daidai iyakar abin da mutum zai iya fitarwa ba tare da gidansa ya kwana da yunwa ba. Ba ya wuce nan, ba ya kasawa. Wannan ya fi kajin ba mutane tsoro.

Ni ɗan dako ne a kasuwar hatsi, tun gashin bakina bai fito ba har yanzu da furfura ta kama ni. A kasuwa na san ba a iya yin irin wannan. Mai awo yana so ƙwarai ya tsauwala wa mai babbar riga, ya sassauta wa mai tsumma, to amma mai babbar riga ba wawa ba ne. Ni yake aikawa. An sha tsayar da mota nesa da rumfunan masara, a yafito ni, a ce je ka sayo kamar naka ne. In je da gammona da yagaggiyar rigata, a auna mini a farashin talaka, in ɗauko in zuba a bayan mota. Ko da babu ni, idan wannan mai awon ya tsananta, na kusa da shi ma masara yake sayarwa, kuma iri ɗaya ce. Shi ya sa komai tsawon ciniki, farashin hatsi yakan dawo ya kwanta wuri guda, kamar ruwa a kwano.

A ajin yaƙi da jahilci da nake zuwa bayan la'asar, malaminmu ya taɓa yi mana bayanin wannan. Ya ce mai sayarwa ba ya iya raba wa mutane farashi sai idan ba su da wani wurin zuwa, kuma yana da hanyar gane wanda zai iya biya da yawa. Ya ce ko hakan ma ba ya ɗorewa, muddin wanda ya saya da araha zai iya juyawa ya sayar wa wanda aka tsauwala wa. 'Yan ajin suna ta kawo misali da kuɗin mota ranar jajibirin salla, ni kuwa tsakar gidan nan nake gani. Daga Salka har Rijau babu wanda mutane suka yarda da hannunsa kamar tsohon. Maganinsa ba ya fita daga gidan. Shi ke haɗawa, shi ke shafawa, matarsa ta wanke ƙwaryar ta zuba ruwan a wani rami bayan ɗaki. Ƙafa kuma ba buhun masara ba ce. Ba a aiken ɗan dako da ita.

Yayana ne kaɗai na sani da ya gwada yi masa dabara. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Dillalin hatsi ne, yana da rumfarsa da ɗakin ajiya da 'yan shanu da ya ba wani makiyayi kiwo, amma idan ka gan shi yana cinikin albasa sai ka ɗauka ita za ta talauta shi. Bai taɓa biyan farashin farko ba a rayuwarsa, kuma da wannan yake alfahari. Yakan ce ko likkafaninsa aka je saye, idan aka biya yadda mai yadi ya faɗa, sai ya tashi zaune.

Da kaka ne, ana lodin sabuwar masara a babbar mota. Yaya ya hau saman lodi don ya duba ɗinkin buhunansa. Wani buhu ya zame a ƙarƙashinsa, ya faɗo, buhun ya biyo shi ya sauka a kan ƙwaurinsa na dama. Daga inda nake na ji ƙarar.

Na ce mu tafi asibiti. Ya ce a'a, shi tsoron wuƙa yake ji, wajen tsohon za a kai shi. Zufa tana keto masa, amma sai ya damƙe mini hannu.

"Cire rigarka."

"Yaya, ƙafarka fa ta karye."

"Na sani, ai tawa ce. Cire rigar nan ka ba ni. Karɓi agogon nan da wayar ka ɓoye. Kada wanda ya kawo mota. A amalanke za ka tura ni."

"Ai tsohon ba ya gani."

"Matarsa tana gani. Kai dai Allah ya ba ka ƙarfi ya hana ka dabara, shi ya sa har yau kake dako."

Ya sa aka kawo masa kaza mafi rama a layin 'yan kaji, wata ja mai tsigaggen wuya, sai da ya yi cinikinta yana kwance. Ya sa na shafa masa ƙasa a ƙafafu da hannaye. Haka na tura shi a kan buhunan wofi, rana tana tsaka, kazar a ɗaure kusa da kansa. Duk ramin da muka faɗa sai ya yi salati, ya biyo ni da zagi.

Matar tsohon ce ta tare mu, wata doguwar tsohuwa da ba ta magana. Da haɓa ta nuna mana tabarma. Can sai ga shi ya fito yana dafa bango, ɗan ƙaramin mutum, amma hannayensa manya kamar an ara masa na wani. Bai tambayi sunanmu ba, bai tambayi yadda abin ya faru ba. Ya zauna ya fara da lafiyayyar ƙafar. Ya shafa tafin, ya murza diddigen, ya share ƙasar da na shafa da babban yatsansa, kamar mai duba hatsi.

"Baba, ni ɗan dako ne," in ji Yaya, ya ƙanƙance murya. "Abin da za a ci yau ma a gidana…"

"Ɗan dakon yana tsaye bayanka," in ji tsohon. "Ina jin warin gammonsa daga nan. Kai diddigenka ya manta da ƙaya tun tuni."

Tsohon ya koma kan karyayyar ƙafar. Ta kumbura har tana sheƙi, yatsun sun yi launin toka. Ya riƙe yatsun a tafinsa. Ya danna bayan idon sawu ya jira, ya sake dannawa ya jira, kamar mai sallama a gidan da ba a amsawa. Na lura kajin da ke kusa sun daina tsince-tsince. Sannan ya ja ƙafar ya miƙar da ita, Yaya ya ƙwala ihu, ya naɗe ta da tsumma sako-sako. Bai sa kara ba, bai kira a kawo ƙwaryar magani ba. Ya wanke hannu.

Na miƙa wa matar kazarmu. Ta dubi mijinta. Bai gan ta ba, amma ya girgiza kai. Sai ta sunkuya ta kwance igiyar ƙafar kazar, ta sake ta a ƙasa.

"To Baba, nawa ne?" in ji Yaya.

"Ba komai."

"Na'am?"

"Ba komai. Ku tafi da kazarku. Asibiti yana nan cikin gari, ban hana ku ba."

Ya tashi ya shiga ɗaki, matar ta saki asabari.

Duk da azabar da yake ciki, fuskar Yaya ta washe. Ya jawo kunnena.

"Ka gani? Ka ga aikin manya? Ya gane ni sarai, amma bakina ya karya masa zuciya. Har kazar ma ta tsira. Kama ta maza, kada ta shige cikin guragun nan."

Ban kama ta ba, domin na ga abin da bai gani ba. Mutanen da ke kwance a rumfa, waɗanda suka yi ta yi mana sannu da muka shigo, duk sun juya fuska wajen zana. Wata mata mai jinyar mijinta ta ja mayafi ta rufe baki. Mutum ɗaya ne ya ci gaba da kallonmu, wani dattijon Bafillace da sa ya take masa cinya.

"Kaɗo," ya ce, yadda Fulani ke kiran wanda ba nasu ba, "murnar me kake yi?"

"Murnar abin da ba ka samu ba, ɗan Fulani. Kai me ya karɓe maka?"

"Bijimi. Wanda na fi so."

"Ka ji ko! Da ka neme ni na yi maka ciniki."

Bafillacen bai yi dariya ba. Ya ce tun tsakiyar damina yake kwance a rumfar nan. A gabansa aka kawo matar da ko zanen kirki ba ta da shi, sai da tsohon ya sa danginta suka kawo damin itace. Ba ya yi wa kowa kyauta, komai talaucinsa. Waɗanda ya ga an mayar wa kaza ba su da yawa. Ɗayansu ya dawo gaisuwa da sanda, ƙafar wandonsa a naɗe daga gwiwa. Sauran kuwa 'yan'uwansu ne suka aiko da labari.

"Abin da ba shi da shi ba ya sayarwa," in ji shi. "Allah ya kawo sauƙi."

A lokacin jar kazarmu ta shiga tsakiyar kajin, tana taku ɗai-ɗai da ƙafafunta biyu lafiyayyu. Masu ɗingishin suka dare suka ba ta hanya.

Yaya ya daɗe yana kallonta. Da ya buɗe baki, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Tura ni bakin ɗakin."

Na tura shi.

"Baba! Baba, mu yi magana ta gaskiya. Ƙarya na yi maka, ni dillali ne. Ina da akuya."

Ya ƙara ɗaga murya.

"Awaki ma. Da buhun masara sabuwa, babu ƙwaro."

Daga bayan asabari muryar ta fito. "Na ce ba komai."

"Haba Baba, ai ba a haka. Ka faɗi wani abu ko yaya ne, sai mu daidaita."

Shekara da shekaru ina jin muryar nan tana jan farashi ƙasa. Ranar na fara jin ta tana tura shi sama, kuma ba a sallama ba.

Ya ƙi tafiya. Na roƙe shi mu je asibiti tun da sauran lokaci. Matarsa ta zo ta yi kuka ta roƙe shi, ya ce ta koma gida ta kula da yara. Ya ce idan ya bar gidan nan ba a sa masa farashi ba, to ya tafi ke nan. Ba na ba wa kowa shawarar ya yi abin da Yaya ya yi, ina faɗin yadda aka yi ne kawai. Tsohuwar ta shimfiɗa masa tabarma a can ƙarshen rumfa, ta bar tazara tsakaninsa da na kusa da shi, ta kifa turmi ta ɗora ƙafar a kai.

Daga nan sai kwanaki suka zama iri ɗaya. In yi dako da safe, kafin azahar in sayi fura in kama hanyar tsamiya. A wannan lokacin tsohon yake zagaya masu jinya. Ya kwance wannan, ya shafa wa wancan, ya sa a kamo masa kazar kowa ya lalubi ƙafarta. Yaya ne na ƙarshe. Shi ba a shafa masa komai. Tsohon zai durƙusa, ya riƙe yatsun nan masu launin toka, ya karkata kai kamar mai sauraron magana daga nesa, sannan ya tashi. Yaya kuwa kullum da sabon tayi. Ya yi tayin babur ɗinsa, ya yi tayin abin da ke ɗakin ajiya, ya ambaci shanunsa ɗaya bayan ɗaya da launinsu. Tsohon bai taɓa ko juyowa ba.

Abin da ya fi karya shi ba ciwon ba ne. Labari ya kai kasuwa cewa an mayar wa dillali kazarsa, sai mutane suka fara zuwa da kyauta. Masu awon da ya sha ƙure wa ciniki suka aiko da lemo da tsire. Iyalin Bafillacen suka riƙa ajiye masa ƙwaryar nono, idan ya ce nawa ne sai su kau da kai. Har mai goron bakin kasuwa, wanda kullum sai sun yi cacar baki a kan goro ɗaya, ya zo da ƙullin farin goro mai kyau, ya ajiye a gefen tabarma, ya zauna yana magana a hankali yadda ake yi a gidan makoki.

"Nawa ne goron?" in ji Yaya.

"Haba, tsakaninmu? Ci kawai."

"Faɗi kuɗinsa, ɓarawo! Yaushe ka fara kyauta?"

"Wallahi na yafe. Duk ma abin da ya taɓa shiga tsakaninmu na yafe."

Yaya ya ɗauki ƙullin ya jefe shi da shi. Goro ya watse a ƙasa, kajin suka ɗingiso suka kewaye shi suna kallo, babu wadda ta taɓa.

Jar kazar kuwa sai ƙiba take yi. Gashin wuyanta ya fito. Ba ta shiga cikin sauran, ba ta kuma fita waje ko da ƙofa a buɗe take. Nan gefen tabarmar Yaya take wuni. Ta tsaya, ta karkata kai, ta zuba masa ido ɗaya. Idan ya kore ta, ta ja da baya kaɗan ta dawo.

Zazzaɓi ya kama shi. Ƙudaje suka fara son tsumman ƙafar. Wata rana da na iso, na tarar ya rame har rigar tawa ta yi masa yawa. Masu jinya suna barcin rana, tsohon yana ɗaki. Ya yafito ni.

"Kama ta."

"Wa?"

"Kazar. Kama ta ka karya mata ƙafa. Ta dama, ƙasa da gwiwa. Idan ya fito ya tarar an riga an karya, dole ya ɗora mu."

"Yaya, ba haka ake yi ba."

"Ni na riƙe ka tun kana fitsarin kwance. Abu ɗaya na roƙe ka."

Na kama ta. Ba ta yi gardama ba. Na riƙe ƙafar tsakanin yatsuna, siririya, da ɗumi, ina jin wani abu yana bugawa a ciki. Hannun da ke ɗaga buhu, wannan ba komai ba ne a wurinsa. Na tsaya ina tattara zuciyata, sai na ji magana a bayana.

"Idan ka karya, kai za ka ɗora."

Tsohuwar ce, tana tsaye da tsintsiya. Ban ji zuwanta ba, kuma ranar kaɗai na taɓa jin muryarta. Na sauke kazar. Ta kakkaɓe fiffike ta koma mazauninta a gefen tabarma. Yaya ya juya fuska wajen zana, bai sake yi mini magana ba har na tafi.

Bayan wannan ya daina tayi. Idan tsohon ya zo, sai ya miƙa masa ƙafar kawai ya rufe ido. Wannan shirun ya fi ba ni tsoro a kan duk ihun da ya yi. Na yanke a raina cewa zan samo mota in ɗauke shi da ƙarfi, ko zai tsine mini.

Ranar da na zo da wannan niyya, hadarin ƙarshen damina ya haɗu da tsakar rana. Gari ya yi duhu-duhu, iska ta tsaya cak, ganyen tsamiya ko motsi ba ya yi. Na tarar tsohon ya riga ya kai kan Yaya. Yana durƙushe, yatsun a tafinsa. Ya daɗe fiye da kullum. Sai na ga ya sa farce ya mintsini babban yatsan.

"Wayyo! Baba, cire mini shi za ka yi?"

Tsohon ya sake mintsini, a ƙaramin yatsa.

"Kai! Wannan wace irin mugunta ce?"

Tsohon ya saki yatsan. Ya miƙo hannu ta baya, daidai inda nake tsaye, ya kamo nawa ya ɗora a kan ƙafar. Kullum idan na taɓa ta sanyi nake ji kamar randa. Ranar akwai ɗumi, ɗan kaɗan, kamar na tokar da aka kwana da kashe wutarta.

"Kawo kazar," in ji shi.

Ita da ba ta taɓa gudu ba, ranar ta gudu. Na bi ta bayan ɗaki, na bi ta ƙarƙashin rumbu, ina tsallake masu ɗingishi, mutanen rumfa duk sun tashi zaune. Da ƙyar na danne ta a gindin zana. Tsohon ya karɓa, ya lalubi ƙafar dama, ya auna da yatsa ƙasa da gwiwa.

Ƙas.

Ta yi ƙara sau ɗaya, mai tsawo. Shi ne kukan kaza na farko da na ji a gidan. Daga nan ta yi shiru kamar sauran.

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya. Hawaye yana bin kunnuwansa. "Alhamdu lillahi."

Aka kawo ƙwaryar magani da karare. Ni da wani mai jinya muka danne shi, tsohon ya ja ƙafar ya mayar da ƙashin mazauninsa. Ihun da Yaya ya yi, na tabbata an ji shi a bakin kwalta. Aka ɗaure shi, aka ɗaure kazar, aka tofa musu. Ruwan sama ya fara sauka a kan rumfa. Tsohon ya wanke hannu a hankali, yatsa bayan yatsa, kowa yana jira.

"Farar saniyar nan taka mai ciki," ya ce. "Ita da abin da ke cikinta."

Na dubi Yaya. A duk kwanakin da ya yi yana tayi, ya ambaci babur, ya ambaci hatsi, ya ambaci kowace dabba da ya mallaka. Ita kaɗai ce bai taɓa ambata ba. Ni kaina ban san tana da ciki ba.

Ya share fuska da hannun rigata. Ya yi gyaran murya, sai na ji tsohuwar muryar kasuwa ta dawo, a shaƙe amma ita ce.

"Baba, saniyar dai na ji. Amma ɗan marakin ai bai zo duniya ba tukuna. A bar mini shi mana."

Bafillacen ne ya fara fashewa da dariya, yana riƙe da cinyarsa. "Kaɗo ya warke!" ya ce. "Wallahi ya warke!" Rumfa duk ta ɗauka. Tsohon bai yi dariya ba, bai kuma rage ko kofato ba.

Sai da aka gama girbin dawa kazar ta taka ƙasa. Yaya ya koma kasuwa da 'yar sanda, yana ɗingishi kaɗan har yau. Kazar tana gidansa, ita ma da nata ɗingishin, ya hana a yanka ta. Ranar da ya fara fita, rumfar mai goro ya nufa, suka yi cacar baki a kan goro ɗaya har mutane suka taru.

Ni na je ruga na karɓo farar saniyar, na ja ta har gindin tsamiya. Tsohuwar ta karɓi igiya. Na durƙusa in yi wa tsohon sallama, ya ba ni hannu. Da na zo janyewa sai ya riƙe. Ya shafa tafina, ya bi damtsena da yatsu har kafaɗa, ya danna wani wuri da ya daɗe yana yi mini ciwo idan na ɗauki kaya, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ya karkata kai. Kajin da ke kusa suka daina tsince-tsince.

"Kafaɗar nan ta fara gocewa," ya ce. "Ranar da ka shirya, ka zo da kaza da mudun gero."

Na ce to, Baba. Ban san lokacin da na yi masa godiya har sau nawa ba. Har yanzu ban koma ba, kafaɗar tana ɗaukar buhu. Amma geron yana nan na auna na ajiye daban, kuma duk kaka nakan zubar wa kaji tsohon geron, in auna sabo.